Tambayoyi da amsoshi kan yadda za a riƙe yaran masu ƙaramin ƙarfi a makaranta

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malamai da masu son taimakawa ke yawan yi, na tattara su wuri guda na amsa iya yadda na fahimci lamarin. Abu ɗaya dai da zan ta maimaitawa shi ne, yaro ba ya barin makaranta a rana ɗaya, a hankali yake zamewa, kuma kusan kullum akwai babban da ya ga yana zamewar amma bai ce komai ba.

Wai waɗanne yara ake magana a kai?

Ɗan talaka ne ke fara zuwa wa mutum a rai, kuma haka ne, amma ba shi kaɗai ba. Akwai maraya da ke hannun dangi, akwai yaro mai lalurar ji ko gani ko tafiya, akwai wanda rikici ko ambaliya ta raba iyayensa da gidansu, akwai yarinyar da ita ce ke rainon ƙannenta, akwai wanda harshen da ake koyarwa da shi a aji ba shi ake yi a gidansu ba, sai kuma wanda makaranta ta yi masa nisa. Sau da yawa ma abubuwa biyu ko uku ne ke haɗuwa a kan yaro guda, kuma shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa daga rajista.

Matsalar ta kai girman da ake faɗa?

Ta kai. Ƙiyasin hukumar UNESCO na 2023 ya nuna yara da matasa wajen miliyan 250 ne ba sa makaranta a duniya, alhali tun 2015 ƙasashe suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 kowane yaro zai samu ya kammala firamare da sakandare kyauta. Amma ni abun da ya fi tayar min da hankali shi ne na waɗanda ke cikin ajin. A 2022 Bankin Duniya tare da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi, kafin annobar korona kashi 57 ne. Toh yaron da ya shekara huɗu yana zuwa bai iya karatu ba, me zai riƙe shi?

Ba an ce karatun firamare kyauta ne ba, me ya sa har yanzu ake cewa talauci ke hana yara?

Soke kuɗin makaranta ya yi aiki sosai kam, babu musu. Malawi ta soke a 1994, Uganda a 1997 inda yawan ɗalibai ya kusa ninkawa cikin shekara guda, Kenya kuma a 2003 yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru. Wannan kaɗai ya nuna cewa iyaye ba ƙin karatun suke ba, kuɗin ne ya fi ƙarfinsu.

Sai dai kyautar a takarda take tsayawa, saboda akwai yunifom, takalmi, littattafan rubutu, biro da fensir, kuɗin jarrabawa, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin mota, da 'yan kuɗaɗen da ake cewa a kawo gobe-gobe. Ga mai hali ba komai ba ne, amma gidan da ke da yara biyar kuma abun da aka samu yau shi za a ci yau, kowanne daga cikinsu na iya zaunar da yaro a gida sati guda. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya ya gano cewa raba yunifom kyauta kawai ya rage barin makaranta, har ya rage yawan 'yan matan da ke ɗaukar ciki da ƙuruciya. Kaya ne fa kawai na sawa.

Ta yaya zan gane cewa yaro na kan hanyar barin makaranta?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, don nan ne aikin yake. Alama ta farko fashi. Ba fashin sati biyu a jere ba, wannan kowa zai gani, a'a, na kwana ɗaya wannan satin, kwana biyu sati mai zuwa, makara kullum, ko ya zo da safe bayan an fita tara ba a sake ganinsa ba. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi shi ne idan yaro ya rasa kashi 10 cikin ɗari na kwanakin karatu to ya shiga haɗari, kuma in ka lissafa kwana biyu ne kacal a wata, abun da yawancinmu ba za mu ɗauka a bakin komai ba.

Alama ta biyu sauyin hali. Yaron da ke ɗaga hannu ya koma bencin baya ya yi shiru, ko mai sanyi ya fara faɗa da tsiwa, ko barci a aji, ko ya daina kawo littafi. Ta uku kuma faɗuwa a karatu da lissafi musamman. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun bi ɗaliban birnin Philadelphia tun daga aji shida, suka ga cewa waɗannan ukun, wato fashi da matsalar hali da faɗuwa a manyan darussa, suna nuna wanda ba zai gama sakandare ba tun shekaru kafin ya bari.

Akwai kuma lokutan da ya kamata a ƙara sa ido, kamar dawowa daga dogon hutu, lokacin tsallakawa daga firamare zuwa sakandare, bayan rasuwa ko rabuwar aure ko tashi daga gida, lokacin da aikin gona ko na kasuwa ya yi yawa, da lokacin da yarinya ta fara girma. Yara da yawa babu wanda ya cire su, hutu kawai aka yi ba su dawo ba kuma babu wanda ya je ya tambaya.

Ni malami ne, na ga alamun a wurin ɗalibina, me zan fara yi?

Malam, ka fara da yaron shi kaɗai, ba a gaban aji ba. Kuma kar tambayar ta zama "me ya sa ba ka zo ba jiya" da murya sama, ka ce masa ka lura ba ya nan kuma ka damu, sannan ka yi shiru ka ba shi lokaci, don yaron da takalminsa ya tsinke ko wanda ba a ɗora tukunya a gidansu ba ba zai faɗa maka a karon farko ba, kunya ba za ta bar shi ba.

Daga nan sai gida. Ka je da sallama da girmamawa, ka fara da faɗin abun kirki game da ɗansu kafin ka kawo maganar fashi. Iyaye da yawa su kansu ba su yi makaranta ba ko sun fita daga cikinta da ɓacin rai, idan suka ga malami a ƙofa abun da ke zuwa musu shi ne an zo karɓar kuɗi ko kawo ƙara. In suka gane ba haka ba ne za ka ji gaskiyar magana, kuma sau tari za ka tarar matsalar ƙarama ce da za a iya kashewa cikin sati. Kar a jira sai ƙarshen zango, fashi uku a jere ya isa a ɗaga waya ko a taka.

Rajistar aji kuma don Allah a riƙa duba ta, ba a kira suna a rufe a ajiye ba.

Ni ba mai kuɗi ba ne, akwai abun da zan iya?

Sosai ma ɗan'uwa. Ka zaɓi yaro ɗaya na kusa da kai, ka zama mai tambayarsa kullum ko ya je, me aka koya yau, ka ce ya nuna maka littafinsa. Ka saurare shi yana karatu minti goma sha biyar da yamma. Ka raka uwarsa wurin hedimasta in tana jin nauyin zuwa ita kaɗai, ka taimaka a cike fom ɗin tallafi ko a samo takardar haihuwa, don rashin wannan takardar kaɗai na hana wasu yara rajistar jarrabawa. In kana da fitila da tabarma da wurin da babu hayaniya, ka riga ka mallaki abun da yara da yawa ba su da shi na yin aikin gida.

Ciyarwa a makaranta tana da wani tasiri kuwa, ko dai siyasa ce?

Tana da shi. Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta ce a 2022 yara miliyan 418 ne ke samun abinci a makarantunsu a faɗin duniya, har da ƙasashe masu arziki, kuma inda aka yi ta da gaskiya zuwan yara na ƙaruwa. Yaro mai jin yunwa ba ya jin malami, iyaye kuma suna lissafin cewa an ɗauke musu abincin rana na yaro ɗaya. Matsalar ita ce a fara a daina, yau akwai gobe babu, wannan na karya amanar iyaye.

A haɗa da lafiya. Masana tattalin arziki Michael Kremer da Edward Miguel sun yi bincike a Kenya da aka wallafa a 2004, suka ga ba wa ɗalibai maganin tsutsar ciki ya rage fashi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a wuraren da cutar ta yi yawa. Haka gwajin ido, yaro na iya shekaru ana ce masa daƙiƙi alhali allo ne ba ya gani, tabarau kawai yake buƙata.

In aka ba iyaye kuɗi a hannu ba za su kashe a wani abu daban ba?

Wannan zargin ya daɗe, kuma gaskiya ni yana min ciwo don yana ɗaukar talaka kamar bai san ciwon ɗansa ba. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, ana ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta da asibiti, kuma kuɗin na ƙaruwa yayin da yaro ke hawa aji, na 'yan mata a sakandare ya ɗan fi na maza saboda su aka fi cirewa. Sakamakon ya yi kyau har ƙasashe da dama suka kwaikwaya, Brazil ta kafa Bolsa Família a 2003. A Maroko kuma an gwada ba da kuɗin ba tare da tsaurara sharaɗi ba, kawai aka ce na karatun yara ne, kuma barin makaranta ya ragu sosai. Masu bincike na Bankin Duniya da suka tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe daban-daban ba su ga cewa irin wannan tallafin na ƙara kashe kuɗi a kan giya ko taba ba.

Za a samu ɗaiɗaiku da za su yi ba daidai ba, wannan ko a ina ne, amma ba dalili ba ne na hana sauran.

Yaron yana zuwa kullum amma ba ya gane komai, yanzu ya ce shi ya gaji. Ya za a yi?

Ai dole ya gaji. Ka yi tunanin zama awa biyar ko shida kullum ana magana a kan abun da ba ka fahimta, ana kiranka ka tashi ka karanta 'yan aji na dariya, shekara ta zagayo a tura ka aji na gaba inda abun ya ƙara tsauri. Manhaja tana tafiya ne da saurin littafi, malami na ƙoƙarin ya gama silabos kafin jarrabawa, wanda ya rasa harsashi a aji ɗaya da biyu kuma babu wanda zai koma ya ɗauko shi. Iyaye su ma suna kallo, in suka ga shekara biyar ba ya iya karanta musu saƙon waya sai su yanke cewa gara ya koyi sana'a, kuma ba za ka ce ba su da hujja ba.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ana yi wa kowane yaro ɗan gwaji na baki, a ga ko ya san haruffa, ko kalmomi, ko yana iya karanta sakin layi, sai a raba su rukuni bisa abun da suka iya ba bisa shekaru ko aji ba, a ware awa ɗaya ko biyu a rana ana karatu da lissafi na tushe da wasanni da labarai, duk wanda ya ci gaba a matsar da shi rukuni na sama. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada wannan hanya shekara da shekaru, kuma an ga yara na koyon karatu cikin 'yan makonni. Zambiya da wasu ƙasashen Afirka sun ɗauke ta. Ba ta buƙatar kwamfuta ko sabon gini, matashin da ya gama sakandare ma na iya yi in an horar da shi.

Maganar maimaita aji kuma, ni ban cika goyon baya ba sai in za a canza yadda ake koyar da shi. A maimaita masa abu ɗaya ta hanya ɗaya, ga shi ya girmi 'yan ajinsa, wannan na cikin abubuwan da ke ƙara tura yaro waje. Sannan harshe, UNESCO ta ce wajen kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji. Yaro ya fara koyon karatu da harshen gidansu, sauran harsuna za su zo masa da sauƙi daga baya.

Me ya sa 'yan mata suka fi zamewa idan sun fara girma?

Nisa na ɗaya daga ciki, uba na iya barin ɗansa namiji ya yi tafiyar awa guda a ƙafa amma ba zai bar 'yarsa ba, kuma tsoronsa na da tushe. Jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke a 2006, bincike ya nuna shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai banɗaki mai ƙofa da ruwa, da audugar mata, da malama mace da yarinya za ta iya faɗa wa damuwarta. Ga aikin gida da ke cinye lokacin bitarta, ga aure da wuri.

Wadda ta yi ciki ko ta haihu ma tana da haƙƙin komawa aji. Saliyo ta ɗage haramcin da ta sa a kan hakan a 2020 bayan hukuncin kotun ECOWAS, Tanzaniya ta bi baya a 2021. Amma doka kaɗai ba ta dawo da yarinya, sai an samu mai riƙe mata jariri da makarantar da ba za a riƙa nuna ta da baki ba.

Yaron yana aiki kuma gidan sun dogara da abun da yake kawowa, in ce ya bari?

In ka ce ya bari ba ka kawo madadin kuɗin ba, ba za a saurare ka ba. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF na 2020 ya ce yara miliyan 160 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba, mafi yawansu a noma kuma a cikin iyalinsu. Aiki mai haɗari ga lafiyarsa wannan babu sassauci, dole a raba shi da shi. Sauran kuma a zauna da iyaye a yi ciniki, a mayar da aikin bayan an tashi ko ƙarshen mako, a rage awoyin, a nema wa babba a gidan jari ko tallafi, makaranta kuma ta daina korar wanda ya makara a bakin ƙofa don wanda aka kora yau da wuya ya dawo gobe.

Duka da tsangwama fa?

Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi. Ɗan talaka ya fi shan wannan, saboda yagaggen yunifom ko rashin abun saye lokacin tara. Kuma a duba abun da ake dukan yara a kai, rashin littafi, rashin biyan kuɗi, makara, duk abubuwan da ba laifinsu ba ne. Kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban taron ɗalibai ya kamata a daina shi kwata-kwata, magana ce tsakanin makaranta da iyaye.

Ɗana na da lalura, makarantar kusa da mu ta ce ba za ta iya da shi ba.

'Yar'uwa kar ki karɓi wannan amsar a matsayin ta ƙarshe. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ce a ba su ilimi tare da sauran yara, kuma yawancin ƙasashe sun sa hannu. Ki tambaye su takamaimai me ke hana su, don sau da yawa abun da ake buƙata shi ne a dawo da shi bencin gaba, a sauko da ajinsu ƙasa, a gyara matakala, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a haɗa shi da aboki mai taimaka masa. In sun ƙi ki kai maganar ofishin ilimi da ke sama da su, ki kuma nemi ƙungiyar iyayen yara masu irin lalurar, sun san hanyoyin da ke ba ki sani ba tukuna.

Ya riga ya bari shekara uku, yanzu ya kai 13, lokaci bai ƙure ba?

Bai ƙure ba, amma kar a zaunar da shi da 'yan shekara bakwai, ba zai jure ba. Akwai azuzuwan gaggawa da aka tsara don irinsu, a Habasha misali ana koyar da karatun shekara uku na farkon firamare cikin wata goma sannan a mayar da yaro makarantar gwamnati a ajin da ya dace da shi, ƙungiyar BRAC ta Bangladesh kuma tun 1985 take tafiyar da ƙananan makarantu masu aji ɗaya ga yaran da suka bari ko ba su taɓa shiga ba. In ya fi son sana'a a haɗa masa biyun, karatu da lissafi da safe koyon aiki da yamma. Watannin farko bayan ya koma su ne masu wuya, nan ne yake buƙatar mai bibiyarsa kusan kullum.

Ina so in ɗauki nauyin yaro, me ya kamata in kiyaye?

Allah ya saka da alheri. Ka fara da lissafin ƙarfinka na shekaru ba na zango ɗaya ba, gara ka ɗauki yaro ɗaya ka kai shi ƙarshen sakandare da ka ɗauki goma ka sake su a tsakiya. Ka bi ta hannun iyayensa ko mai riƙonsa, ka tambaye su me ya fi tsaya musu kafin ka sayo komai, ka karɓi rasit in ka biya makaranta, ka nemi ganin sakamako da rajistar zuwansa duk ƙarshen zango. In gidan akwai wasu yara ka sani cewa fifita ɗaya na iya haifar da ɗan tsami, ko littafi da biro ne ka haɗa da su.

Kar ka ɗora sharaɗin sai ya zo na ɗaya, sharaɗin ya zama zuwa da ƙoƙari. Haɗuwarku ta kasance da sanin iyaye kuma a bainar jama'a, wannan kariya ce gare shi da kai. Hotonsa kuma da labarin talaucin gidansu kar su hau Facebook ko WhatsApp don neman yabo ko ma don tara gudummawa sai da yardar iyayen da ta yaron, kuma ko sun yarda a ɓoye fuska da suna da sunan makarantar, saboda 'yan ajinsu na da waya kuma abun da aka sa a intanet ba ya goguwa.